Irin Gwaggo da Ɓerayen da Muka Saki

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da abokin ɗakina na jami'a, kowa da jakarsa, ni kuma da ƙarin wani keji na waya da na naɗe cikin buhu don kada a yi mini tambaya. Gwaggona, yayar babana, ita ta kira ni sati biyu kafin nan. Ɓeraye sun shiga rumbunta a ƙauye, kuma a ciki take ajiye zangarniyar irin da za ta shuka bana, irin da take zaɓa da hannunta kowace kaka tun mijinta yana raye. Abu ɗaya ta roƙe ni: in zo mata da maganin ɓera idan an ba mu hutu.

Ban sayo ba, kuma ga dalili. Abokin nan nawa shekara uku ke nan ba ya cin nama, ba ya shan nono, ƙwai da zuma ma ya bar su. Ba ya kashe komai. A ɗakinmu idan kyankyaso ya fito, kofi yake kifa masa, ya zura takarda ta ƙasa, ya kai shi waje kamar mai rakiyar baƙo. Sauro kuwa gidan sauro kawai, ba feshi. Da na gaya masa saƙon Gwaggo, ya ce guba ba ta tsayawa kan ɓera, kaza za ta tsattsage gawar, kare ya ci. Gaskiya ya faɗa. Na yi kwana uku ina karatu a kan yadda masu irin ra'ayinsa ke yi, na cika shafi shida. A toshe ramuka, a share tsaba, a kama da rai, a kai nesa a saki. Wani maƙeri ya haɗa mana kejin, ƙofarsa na rufe kanta.

Motar Dakoro jikka uku ce, amma karen mota ya ce kejin ma fasinja ne, sai da na ƙara dala ɗari. Bayan Tibiri muka miƙa arewa, gonaki fayau, sai karan bara da gawo jefi-jefi, zafin bazara tun hantsi ya fara dukan rufin mota. A Kornaka masu talla suka rufe mu: fura da nono, cuku, tsire. Abokina ya sayi gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wani dattijo da ke kusa da mu ya miƙa masa kilishi, ya ce ya gode, ba ya ci.

"Ciwo ne?"

"A'a, Baba, lafiyata lau."

"To, Allah ya ba ka lahiya duk da haka."

Mun sauka Dakoro kafin azahar. Ranar kasuwa ce, raƙuma da raguna sun cika fili, abokina ya bi ta gefe kansa a sunkuye. Daga nan baburan kabu-kabu biyu suka ɗauke mu, awa guda cikin rairayi, na faɗi sau ɗaya, kejin bai ji komai ba.

Gwaggo ta riga ta yanka mana zakara. Na tsaya ina inda-inda, sai shi baƙon ya yi bayani da kansa. Sai ta sake ɗora miyar kuka da daddawa zalla. Da na kwance buhun ta daɗe tana kallon kejin.

"Ɗan nan, na ce maka kiwon kusu nika so in yi? Ina maganin?"

Na karanta mata abin da na rubuta. Da na zo kan toka da ganyen dogon yaro da ake zubawa a rumbu, ta ce wannan tun ba a haifi ubana ba suke yin sa. Amma ta bar mu. Ni ne ɗan ƙanenta da ya je jami'a, ba ta so ta kunyata ni gaban baƙo.

Mun yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Mun toshe ramuka da laka, mun naɗe ƙafafun rumbu da gwangwani don santsi, mun share duk wata tsaba. Kejin kuma ya yi abin da aka ƙera shi dominsa. Kowace safiya akwai biyu ko uku a ciki, sun cinye ƙuli-ƙulin da muka sa, suna zare ido. Mu ɗauka, mu yi gabas, mu wuce rijiya, mu wuce gonakin gari, har wani tudun rairayi mai sabara inda ba ka ganin ko bukka. A nan muke buɗe ƙofa. Ni na zaɓi wurin, don na ƙirga taku na ga ya yi nisan da littafi ya ce. Kowane ɓera na rubuta shi da ranarsa.

A Maradi na girma. Ban hau tudun nan na leƙa bayansa ba. Da na hau, da na ga gidan wani tsoho mai zaman gona, da rumbunsa guda ɗaya a tsaye nesa da bukkoki, kamar yadda ake yi saboda gobara. Inda muke sakin ɓerayen ya fi kusa da rumbunsa a kan gidansa.

Mata masu itace sun gan mu tun rana ta biyu. Rana ta bakwai aka aiko kiranmu ƙofar maigari, har da Gwaggo. Tsohon na zaune, gabansa zangarniya ce da aka gaigaye, ta irinsa. Gari ya riga ya gama magana: wasu sun ce mugunta ce, wasu sun ce asiri ne, don ba a taɓa ganin mai hankali ya ɗauki ɓera mai rai ya yi tafiya da shi ba.

Abokina ya roƙi izini ya yi magana. Ya ce ba mu san da rumbun ba, ya ce ɓera ma rai gare shi, yana jin zafi kamar kowa. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Na ji, yaro. Ni hwa? Ni dutse ne?"

Maigari ya juyo gare ni ya ce nawa muka saki. Da na ce ban sani ba, ƙila da an sasanta a kan kaɗan. Amma ban iya ba. Na ce, "Goma sha bakwai, ranka ya daɗe." Wani ya yi salati, wani ya yi dariya. Ba wanda ya tambaya ko namu ne suka yi ɓarnar ko nasa na da can, ni ma ban da bakin tambaya.

Abokina ya ce zai biya. Tsohon ya ce shi ba kuɗi yake shukawa ba, kuma irin kasuwa bai san ƙasarsa ba. Aka yanke cewa iri da iri ake ramawa. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Da la'asar ta sa na shiga rumbun da muka kwana shida muna karewa, na miƙo mata zangarniyar, ta raba biyu a kan tabarma, ta ɗaure rabi. Ita ta ɗauka a kanta ta kai, ta hana mu taɓawa.

Washegari muka kamo hanya. Ta ba mu guzurin gyaɗa, ta yi wa baƙo addu'a, ni kuma ta ce in gaida babana. Haka muka dawo Maradi. Abokina yana kan ra'ayinsa, kuma ban ga laifinsa a kan tausayi ba. Laifin nawa ne, da aka aike ni abu ɗaya na kai wani. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, waɗanda suka rubuta "a kai nesa" ba su taɓa zama inda kowane daji gonar wani ne ba. Ka tausaya wa ɓera, to, amma ka fara tambayar hatsin wa zai ci gobe.

Ruwan shuka ya sauka can makon jiya. Na kira Gwaggo, da ƙyar na tambaya ko ta yi shuka. Ta ce ta shuka rabin gona, irin ya ƙare.

"Sauran rabin fa, Gwaggo?"

"Na bar ma ɓerayenku. Su ma rai gare su, su samu wurin shan iska."