Ranar da Kwamfuta Ta Kama Wuta a Gabana

A lokacin ban fi shekara guda da gama sakandare ba, ina zama a shagon kwamfutar yayata a unguwar Arawa, ina buga takardu da katin gayyata. Ni kuwa haɗa bidiyon biki nake so, amma kwamfutar tsohuwa ce, da an ɗora mata bidiyo sai ta cije. Da ƙyar na shawo kan Yaya ta sayo katin hoto, allon nan da ake sokawa a cikinta don ta ɗauki aiki mai nauyi.

Mai gyaran da na kai wa ya leƙa ciki, ya ce akwatin da ke raba wa kayan wuta ƙarami ne, wat ɗari biyu da hamsin, katin ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ya faɗa. Amma sai ya ƙara da cewa wai ni ƙanwarsa ce, in koma ga lalle, cikin kwamfuta ba tukunyar miya ba ce, abokansa suka fashe da dariya. Haushin nan ne ya toshe min kunne. Na dawo na soka katin da kaina, kuma ta tashi.

Aikina na farko bidiyon auren 'yar maƙwabciyarmu ne, wata malamar firamare 'yar Tangale. Mai kyamara ya juye min shi a kwamfuta, ya goge nasa. Ina cikin aiki sai kwamfutar ta mutu. Na kunna, ta sake mutuwa. Kamar kowa a Gombe, na ɗora laifin a kan wutar gari, na tada janareta na ci gaba. A karo na uku na ji tas! Tartsatsi ya fito ta baya, labule ya kama. Na fizge wayar da hannu, har yau tabon na nan a tafina. Bidiyon ya tafi gaba ɗaya. Da Mama malama, uwar amarya, ta zo ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaya a hankali ko wurin da mahaifin amarya ya riƙe hannunta ma bai tsira ba. Na ce mata bai tsira ba.

Har yanzu in na ji warin roba na ƙonewa sai na tashi na duba wayoyi. Amma masu cewa dama aikin ba na mace ba ne, su sani ban yarda ba, kuma na koma shago. Yaya ta ce in tsaya ga buga takarda, na ce mata wallahi a'a. Laifina biyu ne: ban kula da lambar da ke jikin akwatin wutar ba, kuma ban ajiye aikin mutane a wuri biyu ba. 'Yan uwana mata, kafin ku sa sabon kati ku duba ƙarfin akwatin, in kwamfuta tana mutuwa da kanta ku tsaya. In an gaya muku gaskiya cikin raini, ku ɗauki gaskiyar, ku bar masa raininsa.