Baba Daɓe, Mai Gyaran Hanyar Bakin Ruwa

Kafin ka gan shi, ƙarar baronsa za ka fara ji. Tayar baron nan kuka take yi kamar an taka wutsiyar kyanwa, kuma duk man da aka ɗura mata ba ta fasa ba. Da gari ya waye sai ya turo shi daga ɗakin ajiyar kaya da ke bakin ƙofar shiga hanyar bakin ruwa, da tsintsiya a ciki, da shebur, da guduma, da cokalin gini, da ɗan buhun yashi. Daga gindin madatsar ruwa yake farawa, ya bi gefen tafkin, har inda hanyar ta karkata ta bi kogi zuwa tsohuwar gada. Ya share ganye. Ya kankare gansakukar da ke sa santsi a wuraren da inuwa ta yi yawa. In ya taka bulo ya ji ya motsa, sai ya durƙusa ya ciro shi, ya zuba yashi a ƙarƙashi, ya mayar, ya daddaka da ƙotar guduma, sannan ya miƙe ya hau kai da ƙafa biyu. Sai ya gamsu yake wucewa.

Mu masu bin hanyar Baba Daɓe muke ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji. Na ce ba zan bari ya tafi shiru ba, ko da alƙalamina ba na gwanaye ba ne, don ni tela ce, da almakashi na saba.

Ga wanda bai san wurin ba, hanyar ƙafa ce shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara, ba mota ba babur. Tsofaffi ne ke binta, da masu juna biyu, da waɗanda likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini, da iyaye masu tura jarirai a keke. A wurin mai ƙoshin lafiya, bulo ɗaya da ya ɗaga kai ba komai ba ne, tsallakewa zai yi bai ma sani ba. A wurin mai jan ƙafa kuwa, shi ne tsakaninsa da karaya. Ban san haka ba sai da abin ya zo gidana.

Maigidana direban babbar mota ne. Wata safiya yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo mu daga asibiti, likita ta ja ni gefe ta ce, "In bai riƙa takawa ba, ƙafar nan a zaune za ta mutu." To a ina zai taka? Layinmu duk ramuka ne da kwatami, ga idon mutane. Mutumin da a da ba ya kwana biyu a gari ɗaya ya koma zama a ɗaki, fuskarsa na kallon bango. In na yi magana ya ce in ƙyale shi. Wata maƙwabciyarmu ce ta ba ni labarin hanyar bakin ruwa, na yi ta naci har ya yarda, ba don yana so ba, don dai in rufe masa baki.

Ranar farko bai yi nisa ba ya zube a kan benci, yana haki.

"Mayar da ni gida," ya ce mini. "Ni da na keta dazuzzuka da mota, yau ni ake riƙewa kamar mai tatata?"

Ina tsaye ina haɗiye hawaye, sai ga wani dattijo ya ajiye baro a gabanmu. Na ɗauka zai ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, irin maganar da maigidana ya gaji da ji. Sai ya ce, "Malam, ɗan ara mini sandarka."

Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa wani bulo. "Ka ji wannan? Lafiyarsa ƙalau." Ya ƙwanƙwasa na kusa da shi, ya yi ƙara kamar tulun da ba ruwa. "Wannan kuwa ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinsa. Ni kunnena ya fara nauyi, ba na rarrabewa sosai. Wace sana'a kake yi?"

"Direba ne ni," in ji maigidana. "A da."

"Ashe da mai kunne nake magana. Wanda ke jin ciwon inji tun kafin mota ta tsaya, ai bulo ba zai ɓoye masa komai ba. Don Allah, Direba, gobe in ka zo ka ƙwanƙwasa mini daga nan zuwa wancan bencin. Duk wanda ka ji bai yi maka ba, ka gaya mini."

A hanyar gida maigidana sai gunaguni yake yi. "Kin ga tsohon nan? So yake ya mai da ni ɗan aikinsa." Amma washegari shi ya tashe ni. Daga wancan bencin aka koma na gaba, daga na gaba aka kai gindin madatsa. Yana tafe yana ƙwanƙwasa, ya manta da masu kallo, ya manta ma da cewa magani yake yi. In ya gano bulo mai motsi sai ya tsaya a kansa yana jiran Baba, fuskarsa kamar wanda ya kama ɓarawo.

Daga baya na tambayi wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke tattaki tare da mu, wadda kowa ke ce wa Nas, ko akwai abin da za a iya yi wa kunnen Baba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kunnen wa? Mutumin da ke jin faɗuwar ganye daga bayan gada? 'Yar uwa, Baba ya san abin da yake yi."

Kai ne, Baba, ka ba mijina aiki a lokacin da kowa ke ba shi tausayi. Likita ta yi nata, Allah ya saka mata. Amma kai ka gane cewa ba ƙafar kaɗai ce ta shanye ba.

Ba ni kaɗai ke da labari ba. Akwai wani makaho da muke kira Mai Rediyo, don ba ya rabuwa da ita. Ya ce mini a da ba ya zuwa sai ya sami mai raka shi, saboda tsoron kada ya kauce ya faɗa ruwa. Baba ya lura. Bai ce masa komai ba, sai ya shiga tara ragowar bulo, kullum in ya gama aikinsa ya jera kaɗan a gefen da ke kallon ruwa, ya ɗan ɗaga su sama da daɓen yadda sanda za ta same su. Rani guda ya ɗauka yana yi. "Tun daga nan," in ji Mai Rediyo, "na daina roƙon kowa. In na ga dama na fito." Shi makaho da kansa ya ce "na ga" dama, ya kuma riga mu dariya.

Kada a ɗauka Baba ba ya faɗa. In ka yar da ɓawon ayaba a kan hanyarsa, zai ɗauka ya bi ka, ko da kana sanye da kayan manya, ya miƙa maka da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yar da kayanka." Masu babur da ke son yanke ta nan kuwa sun san shi, shi ma ya san su.

Sai daminar bara. A lokacin maigidana ya kai yana zuwa shi kaɗai, ni ina shago. An yi kwanaki ana tafka ruwa. Ranar da ruwan ya ɗan tsagaita, maigidana ya ɗauki sandarsa da sassafe ya fita, na hana shi ya ce zaman ɗaki ya ishe shi. Ina kan keke ina ɗinki sai ga maƙwabciyar nan tamu ta faɗo shagon ko sallama babu.

"Ina maigidanki?"

"Ya tafi bakin ruwa."

Ta dafe ƙirji. "An ce kogi ya cinye hanyar, wajen tsohuwar gada."

Ban san yadda na isa ba. Na dai tuna takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a titi. A bakin ƙofa na tarar da mutane cike, an ɗaure igiya an tare hanya. Wani mai sayar da ruwan sha a wurin ya ce mini Baba ne ya ɗaure ta, don tun jiya da yamma ya ga daɓen ya tsage wajen gada, yau kuma ya ga kogin ya ƙara cika. Yana cikin ɗaurewa aka gaya masa Direba ya riga ya wuce ciki. Ya bar igiyar a hannun mai ruwa, ya ja baronsa ya bi shi. Tun daga nan ba a ga ko ɗaya ba, sai dai wata ƙara da aka ji kamar rushewar gini.

Na yunƙura zan tsallake igiyar, Nas ta riƙe ni. "Ki tsaya, 'yar uwa. In kin shiga, ke ma sai an nemo ki." Ina fizgewa tana riƙewa. Bakina ba abin da yake iya faɗa sai sunan Allah.

Can sai na ji kukan tayar nan. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Daga bayan itatuwa suka ɓullo, Baba yana ɗingishi yana turawa, maigidana zaune dirshan a cikin baro, ƙafafunsa na reto, ya rungume sandarsa, su biyun jiƙe sharkaf da taɓo. Na zauna a ƙasa, ina kuka ina dariya.

Ashe Baba ya same shi ne can gaba da wurin da ya tsage, ruwa ya fara hawa kan daɓen, shi kuwa ba ya iya sauri. Baba ya kifar da kayan aikinsa a gefe ya ce, "Direba, yau kai ne kaya. Hau." Maigidana ya fara musu, Baba ya daka masa tsawar da bai taɓa yi masa ba. Ya tura shi suka haye, ba su yi wani nisa ba wurin ya rufta a bayansu, har da benci guda. A nan gwiwar Baba ta gurɗe, kuma har yau ba ta koma daidai ba.

Da suka iso gabana, abin da maigidana ya fara cewa shi ne, "Tsohon nan ba shi da lasisi. Ko birki bai sani ba."

Baba yana haki ya ce, "Na dai kawo kaya lafiya. 'Yata, karɓi abinki."

Maigidana ya roƙe ni kada abokansa direbobi su ji labarin baro. Da zan rubuta wannan na nemi izininsa, ya ce, "Rubuta. In ba don baron ba, da yanzu wani labarin kike bayarwa."

Watanni aka yi hanyar tana rufe, muna ta fargabar ko shi ke nan. Alhamdu lillahi, hukumar ruwa ta turo ma'aikata suka gina katanga mai ƙarfi a gefen kogin, Baba kuma ya jera bulon da hannunsa, yana zaune a kan buhu saboda durƙuso ya gagare shi. A cikin masu ɗauko masa yashi akwai wata mata mai 'ya'ya uku, ba ta da yawan magana amma idonta na kan hannunsa. Ya koya mata duk abin da ya sani, kuma ita za ta gaje shi. Tun yanzu an fara ce mata Daɓe Ƙarama. Na gan ta jiya ta bi wani saurayi da ledar da ya yar, sai hankalina ya kwanta.

Baba, gwanin daɓe, mai share wa gurgu da makaho hanya. Kai ne ba ka da ofis, ba ka da kujera, ba a taɓa kiranka a taro an ba ka lambar yabo ba, amma mutane da yawa da aka fid da rai za su sake takawa a kan aikin hannunka suka taka. Mun gode. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka yadda ka riƙe iyayen wasu, ya daidaita maka hanyarka ta gobe ƙiyama.

Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya gini ba. Kowa a wurin aikinsa akwai wani abu ƙarami da yake motsi, wanda in an bar shi mai rauni ne zai faɗi a kansa. A gyara shi ko ba wanda ya gani. In kuma kun haɗu da wanda ciwo ya karya wa zuciya, bayan sannu ku nema masa abin da zai yi.

Shekaranjiya na same shi a kan benci na ce, "Baba, to in ka ajiye aiki me za ka riƙa yi?"

Ya yi murmushi. "Yawo zan riƙa zuwa, 'yata. Shekara da shekaru ina jin mutane na cewa wurin nan yana da kyau. Ni ban taɓa ɗaga kai na gani ba."

To Baba, ɗaga kai ka kalli ruwan. Mu za mu riƙa duba ƙasa.