Tukunyar Baba Direba

Auta ce kaɗai ta lura da yadda Baba yake tsugunawa a gaban risho. Yakan juya wa ƙofa baya, ya ware gwiwoyi, ya sunkuyo da ƙirji yana kare wutar kamar iska za ta zo ta kashe ta. Alhali kicin ɗin nasu taga ɗaya gare shi, ita ma tun wata damina da katakonta ya kumbura ba ta sake buɗuwa ba. Ga murhun gas a gefe, amma bai taɓa murɗa shi ba. Rishonsa na hanya yake jawowa daga ƙarƙashin gado, mai ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ya tokare ta da murfin kwalba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa tirela. A unguwa Baba Direba ake ce masa, kuma da yawa sun fi sanin ƙarar hon ɗinsa a kan muryarsa. Duk bayan sati uku yake zuwa gida ya kwana biyu, na farko barci, na biyu shirin komawa. Ba ya zuwa hannu rabbana. Yakan zo da takalman da suka yi wa yaran kaɗan, domin da girman da ya baro su yake saye. Ya taɓa tambayar Auta ko ta shiga aji huɗu, tana aji shida. Mama ta yi dariya ta ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka, mu mun riƙe yara."

Shekara biyu ke nan da rasuwar Mama. Ciwon kwana ɗaya ne, shi kuma yana can wani wuri mai tafiyar kwana uku. Ya iso ya tarar an gama komai, har an mayar wa maƙwabta kujerunsu. Ba a yi wata shida ba idonsa ya fara hazo, likitan kamfani ya gwada shi, aka sallame shi da takardar godiya da agogon bango. Sai ga shi a gida dare da rana, yana tambayar Auta inda ake ajiye cokula.

'Ya'yansa uku ne. Auta, da take aiki a kantin magani, ita ke zaune da shi. Na tsakiya yana gyaran firij, ana tsokanarsa da Injiniya. Babbar kuwa, wadda suke kira Yaya, tun rasuwar Mama ba ta ci ko loma ɗaya a gidan ba. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Takan zo ta gaishe shi da ladabi irin na baƙo, makullin mota a hannunta, ta juya. Yanzu an mayar da mijinta aiki wani gari mai nisa, ranar Litinin za su tashi, ta ce za ta biyo ranar Asabar ta yi sallama. Tun ranar Laraba Baba yake maimaitawa: "In dai ta zauna ta ci abinci da ni sau ɗaya, shi ke nan."

Bai gaya wa kowa cewa shi zai yi girkin ba. Ranar Asabar da azahar Auta ta dawo daga aiki da niyyar ɗora kifi, tun daga bakin ƙofa ƙamshin soyayyen naman shanu ya tare ta. 

Abinci ɗaya Baba ya iya a duniya, shi ne makaroni da nama a tukunya ɗaya. A hanya ya koya, inda ruwan jarka yake da daraja, ba wanda zai tafasa makaroni ya zubar da ruwan. Ta same shi ya riga ya soya naman ya yi ja, ya ture shi gefen tukunya, albasa tana laushi a cikin man. Ya zuba tafarnuwa, ya sauke tukunyar daga wuta kafin ya barbaɗa garin tattasai.

"Kin ga wannan? In kika zuba shi a kan wuta sai ya ƙone ya yi ɗaci. Wani direban tanka ne ya koya mini, Allah ya jiƙansa. Tuƙi dai bai iya ba, amma girki sai shi."

Ya mayar da tukunyar, ya juye tumatir, ya ƙara ruwa ba awo, ya rufe. Fuskarsa tana sheƙi da gumi. Rabon Auta da ta gan shi haka, ya san abin da yake yi kuma ya san inda komai yake, tun yana hawa mota.

"Na taɓa dafa wa yayarki wannan," ya ce. "Tana 'yar shekara biyar, uwarku ta je awo. Ta cinye tas, har da lashe cokali, tana cewa Baba ƙara. Ba ta manta ba, za ki gani."

Auta ta jingina da bango. Kowa a gidan ya san Yaya ba ta cin naman shanu. Tana shekara goma sha huɗu ya fara yi mata illa, leɓɓanta suka kumbura, maƙogwaronta ya toshe, Mama ta fita ba takalmi tana buga ƙofar maƙwabci mai mota. Tun daga nan ko cokalin da ya taɓa romon ba ya shiga kwanonta. In Baba yana gida, Mama takan dafa mata nata daban, ta ci a ɗaki. Bai taɓa gani ba.

"Baba," ta ce.

"Na'am, 'yar Auta."

Ya ɗago yana murmushi, yana ƙanƙance ido don ya gan ta sosai. Maganar ta maƙale.

"In miƙo maka gishiri?"

Injiniya ya shigo da hayaniyarsa, jakar kayan aiki a kafaɗa. "Iye! Yau tashar manyan motoci aka buɗe a gidan nan? Baba, ga gas kana fama da wannan tsohon sojan? Ka bar ni in kai shi wajen masu gwangwan."

"Wannan rishon ya girme ka, ka gaishe shi."

Injiniya ya ɗaga murfin ya leƙa, dariyar ta ɗauke. Ya ja Auta zuwa baranda.

"Kin gaya masa?"

"Na kasa. Kai ka gaya masa."

"Ni? Ni firij nake gyarawa, malama. Ke ce mai digiri."

Suna nan suna turawa juna, suka ji Baba yana zazzage makaroni cikin romon. Ya juya sau biyu, ya rage wuta, ya zauna dirshan yana sauraron tafasar. Da kunne yake sanin ya nuna, in ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa, ruwan ya yi kauri.

Ƙarfe uku Yaya ta iso da 'ya'yanta mata biyu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a hannun kujera, jakarta a cinya.

"Ba zan daɗe ba, Baba, masu kwasar kaya suna jira."

"Ai an gama. Minti biyu."

Da kansa ya ɗauko tukunyar da tsumma ya dire a tsakiyar falo. Ya ɗauki faranti ya fara zuba mata, yana laluben manyan yankan nama da ludayi yana ɗorawa a sama. Ya miƙa da hannu biyu. Yaya ta dubi farantin, ta dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai.

"Baba, ba na cin naman shanu."

"Ba kya ci? Tun yaushe?"

"Shekara ashirin da biyu."

Ya yi 'yar dariya, yana jiran wani ya ce wasa ne. Ba wanda ya ce.

"Ai kina so. Ni da kaina na..."

"Kwana uku na yi a asibiti. Mama ta kira ka a waya."

Ya shiga nema a cikin kansa. Auta ta ga lokacin da ya samo shi, wata waya mai yankewa a gefen wani titi, an ce yarinya ba lafiya, ya ce Allah ya sawwaƙe, aka buga masa hon daga baya.

"Ina hanya," ya ce.

"Na sani, Baba." Ba ta ɗaga murya ba.

"To bari in tsince naman. Ki ci makaronin kawai."

Ya fara tsincewa da cokali, yanka ɗaya ya faɗi a kan leda.

"Baba, bari," Injiniya ya ce a hankali. "Tare suka dahu. Romon ya shiga ko'ina."

"Laifina ne," Auta ta ce. "Na dawo na gani, na yi shiru."

"Ba ke ba ce." Ya ajiye farantin a ƙasa. "Ke kina goye a lokacin."

Yaran ba su san abin da ake ciki ba. Suka ja farantin uwarsu gabansu suka hau ci. Ƙaramar ta ɓata baki da jan romo ta ce, "Kaka, ashe ka iya girki? Ya fi na Mami daɗi."

"Ke, maƙaryaciya, so kike in sake ki kafin a ɗaura," ya ce. Ya ƙara mata ludayi ɗaya.

Yaya ta karɓi ruwa ta sha rabi. Injiniya ya ci nasa ba surutu, abin da bai taɓa yi ba. Baba bai zuba wa kansa ba. Can ya juya wajen Yaya.

"To me kike ci?"

 "Kifi. Kaza. Ƙwai ma ba laifi."

"Kifi, kaza, ƙwai," ya maimaita, yadda yake haddace garuruwan sabuwar hanya. "Da kifi ma ana yi. In kin zo hutu..."

"Ban san yaushe ba ne, Baba."

"To. Allah ya kai ku lafiya."

Ta miƙe, ta goge wa yaran baki. Suka fita gaba ɗaya zuwa bakin titi, Yaya ta shiga ta tayar da motarta. Auta tana riƙe da hannun ƙaramar sai ta ga Baba ya zagaya motar yana shafa ta. Ya tsuguna gaban kowace taya, ya danna da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. A ta baya ta hagu ya tsaya.

"Wannan ba iska."

"Bar shi, Baba, zan tsaya wajen mai faci."

"Kafin ki kai can ta cinye gefe. Injiniya, ɗauko mini famfo a bayan ƙofa."

Yaya ta duba agogon hannunta. Ta kashe motar, ta fito ta tsaya a gefensa. Baba ya laluba kan bututun da yatsa, ya kwance murfin ya sa a aljihun riga, ya ɗora ƙafa a kan famfon ya fara bugawa.