Saƙon da Hankaka Ya Rage

Gidanmu a Gummi yana can ƙarshen gari, ta hanyar da ke gangarawa fadama. Mu Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma a unguwar babu wasu sai mu. Maƙwabta ba su taɓa nuna mana bambanci ba. Tare muke kamun kifi da yaransu, tare muke korar tsuntsaye a gonakin shinkafa. Amma da an yi magariba sai duk su ɗauki allunansu su nufi ƙofar malam, unguwa ta cika da muryar karatu, ni kuwa in dawo gida ni kaɗai. Lokacin nan ne na kakata, Kaka Saratu.

Daga duwatsun ƙasar Zuru aka kawo ta aure tun tana budurwa, kuma duk waɗanda suka san harshenta na gida sun riga ta tafiya. Idan ɗari ya shigo takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, ta tura dankali cikin toka. Ba ta kirana Yohanna sai ta yi fushi.

"Maigida, zaka nan," takan ce. "Wane irin miji ne ka barin mata tai cikin sanyi?"

Kafin tatsuniya sai ta yi addu'a, da wani harshe da ta koya wurin fararen Fada, limaman coci, tun tana yarinya, lokacin da ake yin Misa, wato ibadarmu ta coci, da Latin. Takan bugi ƙirjinta sau uku tana cewa "meya kulpa", wato "laifina ne". Akwai wata amsa da take yi wa kanta da kanta, wadda ke ƙarewa da "sipiri tu tuwo". In na ji sai dariya ta kama ni.

"Kaka, har a coci ana roƙon tuwo?"

"Kai dai cikinka ka sani. Cewa anka yi, Ubangiji shi kasance da ruhunka. Ba da rigarka ba, da abin da ke ciki."

Tatsuniyoyinta da yawa na manta, amma ɗaya ta zauna mini. Ta fara ta da cewa, "Ga wata nan ta hito daga gulbi da jiƙaƙƙen zane." Ni kuma na amsa, "Ta matso ta sha wuta."

Wai wata mata ce mai 'ya ɗaya tak. Da yunwa ta faɗo wa ƙasarsu, sai ta haɗa 'yar da ayarin makiyaya, suka haye gulbi da ita zuwa inda ake samun abinci. Yarinya ta girma a can, ta yi aure. Uwa ta tsufa ita kaɗai. Ran nan ta kira hankaka ta ba shi saƙo: "Ka ce wa ɗiyata ina nan lahiya. Amma gehen tabarmata ya yi sanyi, kuma na bar ƙohwa ba sakata." Hankaka ya tashi. Yana tsakiyar gulbi saƙo ya yi masa nauyi a baki, sai ya saki rabinsa cikin ruwa. Da ya isa ya ce, "Innarki tana lafiya." 'Ya ta yi murna, ta ba shi tsaba, ta koma dakanta. Kowace shekara haka.

Da uwa ta ga shiru ya yi yawa, sai ta aiki kunkuru. Shi ba ya sakin komai. Ya ɗauki maganar yadda aka ba shi, yana tafe yana maimaita ta, damina ta wuce shi a hanya, rani ya wuce shi. Da ya isa ya zube saƙon duka. 'Yar ta daɗe da barin harshen garinsu, maganar ta yi mata wani bambarakwai a kunne. Amma da ta ji zancen tabarma sai ta saki taɓarya, ta kama hanya ko mayafi ba ta ɗauka ba.

A nan Kaka ta yanke tatsuniyar, ta hau tona toka da tsinke.

"Ta same ta?" na tambaya.

"Ta sami ƙohwa ba sakata."

"To innar fa?"

"Ci dankalinka, maigida, ya nuna."

Na yi fushi da hankaka ƙwarai. Na ce da ni ne sai na harbe shi da danƙo. Kaka ta girgiza kai. "Bar shi. In ba don shi ba, da ko lahiyar ba ta ji ba. Mi kaka so, shiru?"

Na girma, aiki ya kai ni Ikko. Ina can Kaka ta rasu, na zo aka rufe ta, na koma. A Ikko babu wanda nake Hausa da shi sai masu sayar da albasa a kasuwa. Cocin da nake zuwa da Turanci ake Misa, kuma a hankali amsoshin suka zauna a bakina har ba na tunaninsu. Awa ɗayan nan ta ranar Lahadi ce kaɗai lokacin da muryata ke shiga cikin ta jama'a ta ɓace. Na dogara da ita fiye da yadda na sani.

Sai wata Lahadi gab da Kirsimeti aka fara aiki da sabuwar fassarar addu'o'in Misa. An yi ta sanarwa makonni kafin nan, amma aikin Lahadi ya hana ni zuwa. Fada ya buɗe hannu ya ce Ubangiji ya kasance tare da mu. Na amsa da ƙarfi yadda na saba, "Da kai ma." Duk cocin kuwa wani abu dabam suka faɗa. Muryata ta fito ita kaɗai, tsirara. Wata mata a gabana ta waigo, ta miƙo mini katin da aka buga sabbin amsoshin. Na riƙe shi kamar baƙon da ya shigo bikin da ba a gayyace shi ba.

A wa'azi Fada ya yi bayani. Ya ce masu fassarar farko sun sauƙaƙa Latin ɗin don ya yi daɗin faɗa, sun rage wasu kalmomi, yanzu kuma an koma an bi shi sawu da sawu. Na duba katin. Amsar ta zama "da ruhunka kuma". A wurin furta zunubi, inda dā muke cewa laifinmu ne sau ɗaya mu wuce, yanzu sau uku ne, ana bugun ƙirji. Maganar Kaka ce, ta biyo doguwar hanya ta same ni cikin harshen wasu.

Ba zan ce na ji daɗin sabbin kalmomin nan take ba. Sun yi nauyi, jimlolin dogaye, harshe na tuntuɓe a kansu. Na yi kewar tsofaffin, don su suka riƙe ni shekarun da ba ni da kowa, kuma a ranar na gane abin da ya sa Kaka ta hana ni harbin hankaka. Sai dai tunanina bai tsaya a coci ba. Duk sanda na kira Inna, mahaifiyata, a Gummi, zancenmu ɗaya ne. Lafiya lau, in ji ni. Lafiya lau, in ji ta. Tun rasuwar Baba haka muke, kowa na sakin rabin saƙonsa a ruwa don kada ya yi wa ɗan'uwansa nauyi.

Da na koma ɗaki da rana na kira ta. Ta ce, "Yohanna, lahiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Amma ni kaɗai nake cin abinci, kuma ba ya shiga."

 Ina jin kaji na kuka a tsakar gidanmu.

"Ni ma," ta ce. "Tukunyar nan ta yi mini girma. Yaushe za ka zaka?"