Hoton Gwaggo a Bakin Kasuwa

Har yanzu idan aka yi sallama da ƙarfi a ƙofar gidanmu sai in miƙe zumbur, ko da mai sayen ƙuli ne. Inna ta ce in daina, abin ya wuce. Ni dai na san bai wuce ba.

Da na gama sakandare zaman gida ya kama ni. Yayana da ke aiki a Kano ya zo hutu da wata tsohuwar kyamara a jaka, ya ajiye min ita a cinya. Ya ce in duba da kyau: duk masu hoton da ke yawo a ƙauyukan nan maza ne, iyakarsu ƙofar gida, su ɗauki ɗaurin aure, su ɗauki ango da abokansa sun jeru da manyan riguna. Cikin gida kuwa, inda ake bikin gaske, babu mai shiga. "Ke mace ce," in ji shi, "labulen da ya tare su, ke ɗaga shi kawai za ki yi." Daga baya Baba ya yarda, da sharaɗin magariba ta same ni a gida.

A wani shagon hoto da ke bakin kasuwar Dawakin Tofa na koya, wurin wani abokin yayana da kowa ke ce wa Oga. Ba zan ce bai koya min ba. Shi ya nuna min yadda zan ba rana baya, yadda zan jira mutum ya manta da ni kafin in danna, da yadda ake wanke hoto daga kwamfuta zuwa takarda. Ina gaishe shi har ƙasa a lokacin. Idan na tuna da wannan durƙuson sai in ji kamar in mari kaina.

Aikina na farko ni kaɗai ya zo bayan an yanke gero, a wani ƙauye da ke tsakaninmu da Tofa. Kafin in ciro kyamara uwar amarya ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

"'Yar nan, hotunan nan wa zai gani?"

"Ni da ku, Inna."

"Shi mai shagon fa?"

"Ni zan wanke da hannuna. Wallahi ba namijin da zai gani."

Ta dube ni sosai, sannan ta ce to, Allah ya ba da sa'a.

Da rana ta yi sanyi aka rufe ƙofar zaure, aka kife ƙwarya a bahon ruwa, kiɗa ya tashi. Mayafai suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. A gefe, kan tabarma, akwai gwaggon amarya, matar malamin ƙauyen, tana zaune cikin dogon hijabi tana tafi a hankali. Mace ce da ko gaisuwar mutuwa za ta je ba ka ganin komai nata sai ƙwayar ido. Matan gari a wurinta suke ɗaukar karatu da hantsi. Kowa Gwaggo yake ce mata, ni ma na bi.

Matan suka taso ta a gaba.

"Matar Malam, yau dai sai kin taka!"

"Ku rabu da ni, marasa kunya, ni da na yi jika."

"Jikar ce za ta riƙe miki ƙafa? Mu da muka san ki tun kina budurwa, ke ce fa mai tayar da ƙura a dandali!"

Ta yi dariya ta rufe baki. Sai ta juyo ta kalle ni, ni da abin da ke rataye a wuyana.

"Ke, an ce kin rantse."

"Na rantse, Gwaggo."

Ta miƙe, ta cire hijabin ta miƙa wa wata, ta shiga fili. Guɗa ta kaure. Ban taɓa ganin rawa irin wannan ba, kafaɗa kawai take motsawa amma duk tsakar gidan ya bi ta. Ɗankwalinta ya zame ya faɗi, kitsonta ya fito da furfura a jikinsa, ba ta ko waiwaya ba. Ta ɗaga hannu mai jan lalle, ta buɗe baki tana dariya, wushiryarta a waje, hasken yamma ya sauka a gefen fuskarta. Na danna. Tun kafin in duba na san ban taɓa ɗaukar hoto kamar wannan ba.

Washegari na je shago na gaya wa Oga alkawarin da na yi. Ya yi dariya ya ce shi da ya ga amare sun fi gashin kaina yawa, me zai kalla a hoton 'yan ƙauye. Ya fita ya zauna a benci, ni na zauna gaban kwamfuta na juya ta ta kalli bango. Ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Janareta babu mai. Na zauna ina jira har inuwa ta cinye titi, wuta ba ta dawo ba, hotunan suna cikin kwamfutar da ta mutu, ba halin gogewa. Oga ya ce in tafi kada Baba ya yi faɗa, ai shi ma rufewa zai yi. Da sassafe na dawo na ƙarasa, na goge komai har kwandon sharar kwamfutar, na zuba hotunan a ambulan na kai ƙauyen da ƙafata.

Ranar mun sha dariya a gidan Gwaggo, inda matan suka taru. Ana miƙa hoto daga hannu zuwa hannu, kowa na neman kanta. Gwaggo ta karɓi nata. Ta matsar da shi kusa da ido, ta nisantar.

"Ashe haka nake idan na manta da kaina?"

Ta shiga ɗaki ta sa shi can ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwa. Ta fito ta cika min leda da gyaɗa. Kafin in bar gidan mata sun fara gaya min ranakun bikin 'ya'yansu.

Kwanaki kaɗan da wannan, wata ranar kasuwa ce, bayan la'asar. Baba yana zaure yana gyaran igiyar shanu, ni ina tankaɗe a tsakar gida. Sai sallama, irin wadda ba ta jiran amsa. Na ji muryoyin maza sun cika zauren, sannan Baba ya kira ni, ya ce in zo da kyamarar. Na rataya ta a wuya kamar kullum, don ban san abin da ake ciki ba.

Na gane na gaban, ƙanin Malam ne, na gan shi ranar ɗaurin aure. Idonsa ja.

"Ke ce mai hoton?"

"Ni ce. Ina yini."

"Riƙe gaisuwarki. Matar yayana tana rataye a bakin kasuwa, kai babu ɗankwali, baki buɗe. 'Yan acaba sun tsaya suna kallo suna dariya. Wani ya tambaye ni ko wannan ce matar Malam da ake ɓoyewa."

Ban fahimta ba da farko. Can sai na gane. Na fara cewa ba ni ba ce, na goge, Oga ne. Kafin in rufe baki ya damƙi igiyar kyamarar ya fizga. Igiyar ta shaƙe ni, na tafi gaba na daki bango da kafaɗa. Na ga ya ɗaga kyamarar sama da ni a jikinta, na rufe ido ina jiran ko ita ko ni.

"Sake ta," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "A gidana kake."

Ya saki igiyar. Na zame na zauna a ƙasa ina tari.

"Mu ba mu san wani Oga ba," ya ce wa Baba. "Ita muka bari ta shiga. Ita ta rantse."

Suka fita. Kuma ga abin da har yau yake ƙona min rai: hoton yana nan rataye lokacin da suke zaurenmu. Sun gan shi, sun wuce shagon, sun wuce mutumin da ya rataye shi yana zaune a bencinsa, sun hau babura sun keto gonaki sun zo su shaƙe yarinya a gaban ubanta. Ba wanda ya taka ƙofar shagon ya ce a sauke. Wuyan Oga ya yi musu kauri, nawa ne daidai hannunsu.

Baba ya fita ƙofar gida. Ya tayar da babur ya ce in hau.

Tun kafin mu isa shagon na hango fuskar Gwaggo. An faɗaɗa hoton ya kai faɗin taga, an sa shi a firem mai ruwan zinari a cikin gilashin shago, an rubuta sunan shagon a ƙasa. Samari suna tsaye, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Dariyar nan da ta yi don mata 'yan'uwanta, a bayan rufaffiyar ƙofa, ga ta a titi kusa da mai suyar awara.

Oga ya gan ni ya washe baki.

"Ga gwanar nan! Kin ga aikinki? Tun safe mutane ke tambaya."

"Oga, na gaya maka na rantse."

"To ai ke kika rantse, ni ban rantse ba."

"Yaushe ka kwafa?"

"Wuta ta dawo bayan kin tafi. Zan kashe kwamfuta na gani. Ke, wannan talla ce, talla! Ke zan ɗaga. Kuma tsohuwa ce fa, wa zai kalle ta?"

"In ba mai kallonta, me ya sa ka rataye?"

Fuskarsa ta canja. Ya ce in iya bakina, kwamfutar ta wa ce, takardar ta wa ce, wa ya koya min riƙe kyamarar ma. Na juya masa baya. Na buɗe gilashin na ciro firem ɗin, ƙusa ta yanke ni a yatsa ban ji ba sai da na ga jini. Baba ya shigo ya tsaya a kan Oga har ya goge na cikin kwamfuta da na wayarsa, yana yi yana tsaki, yana cewa mutanen ƙauye ba su san ci gaba ba. Na wayoyin samarin da ke waje kuwa, wa zai bi su ya goge?

Da safe na kama hanyar ƙauyen, firem ɗin a ƙirjina cikin hijabi, fuskar tana kallon jikina. Da na yi sallama a gidan Gwaggo, mata suna daka a tsakar gida, taɓarya ta tsaya a turmi. Ba wadda ta amsa. Uwar amarya da ke cikinsu ta kalle ni sau ɗaya ta juya ta shiga ɗaki.

Gwaggo tana madafa tana hura wuta. Cikin gidanta ne, babu namiji ko ɗaya, amma da hijabi a jikinta. Tabarmar da matan gari ke zama su yi karatu tana jingine a bango a naɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata duk yadda aka yi, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta bari na gama.

"Malam bai ce min komai ba," ta ce. "Da ma ya yi faɗa. Tun jiya bai fita ƙofar gida ba."

Ta karɓi firem ɗin, ta juya bayansa, ta zare hoton ba tare da ta kalla ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin akwati. Ta dawo da ƙaramin, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin zannuwa.

"Gwaggo, wannan ai naki ne. Ba wanda ya gan shi."

Ta haɗa su biyun ta tura cikin murhu. Takardar ta lanƙwashe, hannun nan mai lalle na cikin hoton ya yi baƙi, wari ya cika madafar. Ta miƙo min firem ɗin babu komai a ciki.

"Mayar masa da katakonsa. Na san ba ke kika rataye ba, 'yar nan. Amma da bakinki na tashi."

Ban mayar masa ba. A hanya na jefa shi cikin wata gonar dawa, na tsaya ina haki.

Gidajen da suka ce in zo bikinsu duk sun aiko cewa sun fasa, sai guda ɗaya, su ma don Inna ƙawar uwar amaryar ce. Na je. Matan suka jeru a jikin bango, mayafi har haɓa, fuska a ɗaure kamar masu hoton katin zaɓe. Na ɗauka. Da aka kawo ƙwarya da baho, uwar amarya ta zo ta dafa ni, ta ce kada in ji haushi, amma in sa abin a jaka. Na sa. Ta karɓi jakar ta kai ɗakinta ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zaninta. Sai a lokacin mayafai suka sauka.

Na zauna a kan turmi ina kallo. Akwai wata yarinya da ta ɗauki kakarta cak tana juyi da ita, kakar tana dukanta a baya tana dariya har da hawaye, rana tana bayana daidai yadda ake so. Yatsana ya danna gwiwata kamar kyamara ce.

A hanyar komawa motarmu ta bi ta bakin kasuwa. Shagon a buɗe yake, Oga yana bencinsa ana hira da shi, ana tafawa. Ya sa wani sabon hoto a gilashin. Na kawar da kai don kada in ga ko 'yar wa ce, na ƙanƙame jakata har muka wuce.