Ƙashin Hannun Chindo

Shagon askin Chindo yana bakin tashar Agiye, daf da inda motocin Gazawa ke lodi. Madubi ɗaya ne a ciki, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, da rediyon da ba ya kashewa. In kana so askinka ya daɗe, ka ɗauko masa zancen Mena ƙarama, ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Zai ajiye almakashi ya zayyano maka tarihinta kaf: gasar Afirka da aka yi a Yamai a 2015 ba su wuce rukuni ba, bayan shekara biyu sun je gasar duniya a Indiya, suka ci Koriya ta Arewa ɗaya da nema, Gana ta fitar da su. Baƙo sai ya ɗauka ƙauna ce. Mutanen gari sun san ba ita kaɗai ba ce.

Chindo ya tashi tare da Muttaka, ɗan gwaggonsa, taubashinsa ke nan. Gida ɗaya suke cin tuwo, lakol ɗaya suka shiga karatun boko, gonar aya ɗaya suke gudu su bari su tafi fili. Muttaka baya yake tsarewa, ba ya gajiya, amma ba shi da wata gwaninta. Chindo kuwa gaba yake bugawa, da ƙafar hagu, har daga Gidan Rumji ake zuwa aronsa in wasa ya yi zafi.

Ana saura 'yan watanni gasar Yamai aka zo Maraɗi zaɓen yara. Cikin ɗari da wani abu aka ɗauki shida, har da su biyun. Suka kwana a mota suka isa Yamai. Kwana tara ana atisaye, mai horarwa har ya fara kiran Chindo da Bahago. A rana ta goma aka kai su asibiti, aka sa hannun kowa cikin na'urar da ke duba ƙashin wuyan hannu don a gane shekaru. Da yamma likita ya kira Chindo gefe ya ce masa ƙashinsa ya riga ya haɗe, ya wuce sha bakwai. Na Muttaka bai haɗe ba.

Da ya dawo gida, mahaifiyarsa Inna Delu ta tafa hannu.

"Wace irin na'ura ce wagga? Ina da cikinka wata bakwai na je sunan Muttaka, ni na daka furar. Shi ne babba!"

"Inna, ba a gardama da ita."

"To ni a zo a tambaye ni mana."

Ba wanda ya zo.

Muttaka ya yi wata huɗu a sansanin. An hau jirgin sama da shi sau ɗaya zuwa wasan sada zumunta, daga baya aka cire sunansa kafin gasar. Bai buga ko minti ɗaya ba. Amma ya sauka a tashar Agiye da rigar ƙasa mai ruwan lemo da jaka mai tuta, gari ya tarye shi, tun daga ranar sunansa ya koma Mena. Chindo yana tsaye a shagon da ya fara koyon aski, yana kallon yara na rububin ɗaukar jakar.

Abin ya ci shi a rai. Ya daina zuwa fili. A fada, majalisar samari, in ana shan shayi Muttaka ya fara labarin jirgi, sai Chindo ya tuna yana da aiki. Ranar da aka ci Koriya, gari ya ɗauki ihu, shi kuwa ya ce wa wanda yake yi wa aski, "Sa'a ce kawai." Daga baya ya rufe shago ya je ya sake kallon ƙwallon a wayar wani har sau biyar.

A 2019 aka kawo wasu wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da ashirin Maraɗi. Muttaka, wanda a lokacin ya koma Gidan Rumji yana sayar da hatsi yana kuma horar da yara, ya zo har shago da tikiti biyu.

"Taubashi, tashi mu tafi, wanga askin ba zai gudu ba."

Chindo ya bi shi. A ƙofar fili wani ma'aikacin ƙungiyar ƙasa ya gane Muttaka, ya rungume shi. Muttaka ya jawo Chindo ya ce, "Ka tuna Bahago? Wallahi duk ya fi mu." Mutumin ya dubi Chindo, ya yi murmushin da ake yi wa wanda ba a sani ba. Ana tafiya hutun rabin lokaci Chindo ya sulale ya nemi motar Agiye.

Bayan sati biyu ya tara yaran unguwa goma sha takwas ya kafa ƙungiya. Matarsa Lubna ta ce masa, "Maigida, ba don yaran nan kake yi ba, don Muttaka kake yi." Ya ce, "To, ko don wa ne, ai suna koyo."

Kuma suna koyon. Sau shida suka kara da yaran Gidan Rumji, sau ɗaya suka ci, biyu aka tashi canjaras. Bana an kira yaro ɗaya daga cikin nasa gwaji Maraɗi, an kira uku daga na Muttaka. Ranar da labarin ya fito, da yamma Muttaka ya bugo masa waya yana yi masa barka.

Chindo ya amsa da "madalla", ya ajiye wayar. Dattijon da ke kan kujera, Malam Ɗanbaba, ya ce, "Kai dai har yau ba ka yafe wa yaron nan ba."

"Baba, me zan yafe? Bai taɓa yi mini laifi ba. Da ya yi mini, da na huta."

Ya karkata kan dattijon, ya ci gaba da gyara masa ƙeya.