Guɗar Inna Ta Kai Ikko

Mun tashi da asuba, sallah kawai muka tsaya yi, ni da Inna uwar mai gidana, da yaron nan goye a bayana, da jakin aro guda. Ku matan da muke zama tare gaban rediyon gari kun ishe ni da tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na samu na shekara biyu a lakwal, wato makarantar boko, mai iya karatu ta karanta wa saura.

Ga abin da ya fitar da mu. Ƙyandar da ta shigo garinmu bayan girbi ta kama yaron nan har aka fid da rai. Ranar da ya fi jin jiki wani ɗan garinmu ya kama hanyar Ikko, inda mai gidan yake dako a bakin teku, ya je ya ce masa ya baro yaro ba ya motsi. Ba ƙarya ya nufa ba, abin da ya gani ya faɗa. Allah ya tashi yaro, amma labarin tashinsa bai samu mai kai shi ba. Da wani ɗan ci-rani ya dawo sai ya kawo mana saƙo: mai gida ya ce bana ba zai zo shuka ba, ba zai iya kallon ɗakin ba. Takarda biyu muka aika, shiru. Mai dako ina ya ga adireshi? Amma shi wannan ɗan ci-ranin ya ce duk mako 'yan ƙasarmu ta Damargu na taruwa a shagon wani tela mai rediyo, su saurari shirin ƙauyukan nan da mu ma muke ji, na waƙoƙi da labarin rijiyoyi da kasuwanni da gaisuwa. Kwana kaɗan bayan haka rediyo ya sanar cewa mai ɗaukar magana zai sauka Tanut ranar kasuwa. Inna ce ta fara ɗaura ɗankwali.

Daga ƙauyenmu, bayan Ollelewa, zuwa babbar hanya yashi ne zalla, ga bazara ta kankama. Inna ta hau jaki, ni na bi da ƙafa, ina kai hannu baya ina taɓa wuyan yaron in ji ko da zafi. Na taɓa ya fi a ƙirga. Inna ta ce, "'Yar nan, in kika ci gaba haka, ke za ki sa masa zazzaɓin da hannunki."

Da hantsi muka yada zango a wata rijiya da Buzaye ke shayar da raƙuma. Na ɗauka tamu tana da zurfi, ashe ban ga komai ba. Sa ne ke jan igiya, ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki ya leƙo. Wata Bafillata ta dama mana fura da nono mai tsami, ta kalli tabon ƙyanda a fuskar yaron, ta ƙara masa ludayi guda.

A bakin hanya muka bar jakin wurin wani ɗan'uwan Inna, muka samu kamyo mai zuwa Agadas da buhunan gero. Ranar na fara hawa mota. Hanyar nan duk kunya-kunya ce kamar gonar gyaɗa, haƙorana na ta haɗuwa. Ni ina salati, na ƙanƙame yaro, shi kuwa dariya yake, ya ɗauka wasa ake masa. Inna ta zauna bisa buhu ta miƙe ƙafa, ta ce jakinmu ya fi wannan abu tarbiyya, shi aƙalla yakan ji tsawa.

Tanut ta ba ni mamaki da abu biyu: jar ƙasa, da ruwan da ake sayarwa. Ruwa fa, na sha! Tulu guda sai an yi ciniki kamar na akuya. Muka kwana gidan wata tsohuwar ƙawar Inna, da safe muka ratsa kasuwa, ga cuku an jera kamar faifai, ga gishirin Bilma, ga takalman fata masu ja da kore. Ban tsaya ba. Raina na wurin rumfar da ke bayan lakwal, inda mutane suka yi da'ira.

Mai ɗaukar maganar ɗan Damagaram ne, siriri, kowa na ce masa mushe, wato malam da Faransanci. Akwatinsa bai fi tabarmar sallah a naɗe ba, da ƙafafu biyu a sama suna juyawa, wani siririn zare kamar ganyen kaba na tashi daga ɗaya zuwa ɗaya. Yana da abin toshe kunne, da wani ƙarfe da yake kai wa bakin mutum. Muna tsaye aka ɗauki wani mai garaya, aka ɗauki wani tsoho mai haƙar rijiya da ya bayyana yadda ake gane ƙasar da za ta rufta, aka ɗauki matan Buzaye suna buga turmi da aka ɗaure wa fata. Wani ya yi cigiyar raƙumarsa, taguwa mai tabo a wuya, ya fi kowa daɗewa. Na ji daɗi a raina: duk wannan namu ne, kuma har bakin teku za a ji.

Da layi ya zo kanmu na yi bayani. Mushe ya gyaɗa kai, ya ɗauki alƙalami.

"To, ƙanwata, sunan mai gidan?"

Na sunkuyar da kai. Ina zan kama sunansa, gaban uwarsa, gaban kasuwa?

Ya juya. "Inna, ke faɗa mini."

Inna ta kalli rufin rumfa. "Na fari ne," ta ce.

"Sunan yaron fa?"

"Shi ma na farinta ne."

Rumfa ta ɗauki dariya. Wata Buzuwa daga masu turmin ta ce, "Kai Hausawa! Kun yi tafiyar yini guda ku kira mutum, kun zo kun rasa bakin kiransa." Mushe ma ya dara, amma ya ce ya san kunya, uwarsa ma ba ta taɓa kama sunan yayansa ba, sai dai Ikko ba ƙauye ba ce, saƙo ba suna zai faɗi ƙasa. Ya nuna mini pil ɗinsa, wato batiran akwatin, sun kusa mutuwa, ga mutane na jira. Ya ce mu koma gefe mu yi shawara.

Muka koma gefe, ina ta tunani. Na ga shuka ta wuce, na ga gona ta zama fako, na ga mutum zaune can yana makokin ɗan da ke nan bayana yana cin gefen zanena. Na durƙusa na rubuta sunan a ƙasa da yatsa, tunda Inna ba ta karatu. Mushe ya leƙa ya karanta a zuci, ya ce zai faɗa, amma masu wannan suna a Damargu sun fi raƙuman kasuwar nan, kuma wanda ganau ya gaya wa mutuwa ba lalle ya yarda da bakin baƙo ba. Gara ya ji daga gida.

Sai Inna ta miƙe ta kaɗe zane. "Ni gishiri zan duba," ta ce, ta fita.

Na gane. Wuri ta ba ni. Mushe ya kawo ƙarfen nan bakina, ƙafafun suka fara juyawa. Na ce: "Mai gidan da ke gabas da rijiyar garinmu, mai bishiyar aduwa a ƙofa. Abin da aka gaya maka ba haka ya ƙare ba. Yana nan. Ya tashi. Haƙoransa huɗu. Yana tsayawa in ya dafa turmi. Ka zo gida." Tun da na haife shi ban taɓa yabonsa gaban mutane ba sai ranar. Kamar ya sani, ya miƙo hannu ya cafke ƙarfen ya yi masa gwalantu.

Ban rufe baki ba sai ga Inna, hannu ba gishiri. Ashe bayan zana ta tsaya. Ta ce wa mushe kada ya tsayar da abin. Kun san Inna, ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a garuruwanmu ba ita ta yi guɗa ba, kun kuma san tun da ƙyanda ta shigo ba ta ƙara yi ba. Ta kama hanci, ta ɗaga kai, ta rangaɗa ta. Mushe ya fizge abin kunnensa ya yi tsalle, jakunan bakin rumfa suka ɗaga kunne, Buzuwar nan ta dafe ƙirji.

"Wanda muke kira ya san ta tun yana ciki," Inna ta ce. "Kuma ya san ba a yin ta a gidan makoki." Ta matsa kusa da ƙarfen ta ƙara da cewa, "Kai kuma, gonar ubanka ba ta shuka kanta."

Mushe ya mayar da zaren baya ya kunna mana. Na ji wata yarinya na magana da siririyar murya, sai da ta ce haƙoransa huɗu na gane ni ce.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Na saya wa yaron cuku guda ya yi ta gwagwiya har Ollelewa, na kuma lura sau uku kacal na taɓa wuyansa.

Sauran kun sani, kuna wurin. Mako biyu bayan haka, da la'asar sakaliya, rediyon gari ya sako mai garaya, ya sako mai taguwa, sai ga mu. Na ji tsoron yadda guɗar za ta faɗa a kunnen waɗanda nasu ba su tashi ba. Maƙwabciyata, wadda ta binne biyu, ita ta kama hannuna ta riƙe har aka gama.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: da na ɗauka rediyo na manya ne, su yi magana mu ji. Ashe yana da kunne. Mai rijiya da mai turmi da mace mai boko shekara biyu, in suka je, zai ɗauka ya kai.

Ranar da hadarin fari ya haɗu a gabas, ina daka, na ji sallama a ƙofa. Mai gida ne, ya rame, ya yi baƙi. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce ranar nan a shagon tela ko sunan bai tsaya ji ba, guɗar na tashi ya miƙe tsaye, mutane na tambayarsa lafiya. Yaron na dafe da turmi yana kallonsa. Gaban uwarsa ba zai ɗauke shi ba, ko kallon kirki bai yi masa ba. Sai da ya zo wucewa ta gefena, kamar mai neman buta, ya ce a hankali, "Huɗu aka ce?"

Na ce, "Shida yanzu."